Malamai shida a takarda, biyu a aji

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban kwamitin kula da makarantar firamare ta garinmu, wani ƙauye a yammacin jihar Zamfara. An ce mana malamai shida aka turo mana, amma biyu kaɗai muke gani, hedimasta da wani matashi, sauran huɗun kuwa wasunsu ko fuskarsu ba mu sani ba. Ɗiyanmu sun fi ɗari biyu a rajista. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na miƙa wa jikana ɗan aji biyar waya ya karanta mini saƙon da aka rubuto da Hausa, ya kasa haɗa ko kalma ɗaya. Wasu mutanen gari sun ce mu rubuta takardar ƙorafi a kori malaman, wasu kuma sun ce mu cire yara kawai mu mayar da su gona. Laifin wa ne, kuma mi ya kamata mu yi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri, ya kuma raya mana wannan jika naka. Na yi shekara fiye da talatin a wannan aiki. Na fara da riƙe alli a makarantar ƙauye, na yi hedimasta, daga baya kuma na yi zagayen duba makarantu har lokacin da na ajiye aiki, saboda haka abin da ka faɗa ba baƙo ba ne a kunnena. Yadda na fahimci saƙonka, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko ita ce ina malamai huɗu suka shiga, ta biyu kuma ita ce me ya sa yaron da ya shekara biyar yana zuwa makaranta ba ya iya karanta harshen da ya tashi da shi. Mutane sukan ɗauka cewa da malaman nan huɗu suna zuwa, da yaron ya iya karatu. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba ta cika ba, domin na shiga makarantun cikin gari masu malamai ashirin na tarar da 'yan aji biyar da ba su san baƙi ba, na kuma ga makarantar ƙauye mai malamai biyu wadda 'yan aji ukunta ke karanta gajeren labari babu gargada. Zan fara da batun malaman, tunda shi ne ya fi ɗaga hankalin mutanen gari, amma ina so ka sani tun yanzu cewa batun karatun shi ne wanda kuka fi iko a kansa.

Kafin a ce a kore su, a san ko su waye

Yana da kyau kwamiti ya san hanyar da sunan malami ke bi kafin ya iso garinku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ita ce ta tanadi hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC a tarayya, wadda ake ware wa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar asusun gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Wannan kuɗi na gine-gine ne da kujeru da littattafai da horar da malamai, babu albashi a ciki. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, hukumar SUBEB ta jiha ce ke kula da lamarin malaman, shi kuma sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ne ke raba su makarantu. Sunan mutum ɗaya ke nan yana zaune a ofis uku, kuma takardun ofisoshin nan ba kullum suke dacewa da juna ba. Don haka idan an ce muku shida ne, abu na farko da za ku nema shi ne sunayen nan shida a rubuce, da ranar da aka turo kowanne. Kada kuma wani ya ce muku shida sun yi wa ƙauye yawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ka ga yara fiye da ɗari biyu shidan nan ma da kyar za su ishe su.

Na taɓa isa wata makaranta ranar Laraba da hantsi, na buɗe littafin sa hannu na tarar an sa wa kowa hannu har zuwa Juma'a, da biro ɗaya, da rubutu iri ɗaya, kowa kuma ya iso ƙarfe bakwai da rabi daidai. Ban yi wa hedimastan magana a gaban yara ba. Na ja shi gindin dogon yaro bayan azuzuwa, na ce ya faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya fara ƙirga mini da yatsu. Ɗaya an ɗauke shi aiki ofis tun shekara biyu da suka wuce amma ba a cire sunansa ba. Ɗaya mace ce mai goyo, mijinta na cikin gari, an turo ta nan ne a takarda kawai saboda a lokacin babu gurbi a makarantun gari. Ɗaya yana zuwa Litinin da Alhamis, domin idan ya hau kabu-kabu zuwa da dawowa kullum, albashinsa ba zai kai tsakiyar wata ba. Na ƙarshen kuwa, da ya zo kansa sai ya rage murya, ya ce wannan yana da uwa a gindin murhu, ranar da ya taɓa kai ƙararsa shi aka yi wa barazanar sauyin wurin aiki. Ya ce shi ya sa yake sa musu hannu, don kada a zo a ga littafi babu kowa a ce shi ne ya kasa riƙe makaranta.

Na kawo maka wannan ne don ka ga cewa mutum huɗu da ba sa zuwa aiki ba lalle ba ne cutarsu ɗaya. Na farkon ba shi da laifi, gyaran takarda ake bukata da kuma a turo wani a madadinsa. Ta biyu ana bukatar a musanya ta da wanda zai iya zama. Na ukun malami ne na gaske wanda za a iya dawo da shi cikin aji kwana biyar idan aka rage masa wahalar hanya. Na huɗun ne kaɗai ya cancanci abin da mutanen garinku ke nema, domin yana cin haƙƙin yara da gangan, kuma ba na neman masa uzuri ko kaɗan. Akwai kuma wani kashi da nakan tarar, wato wanda ya tafi ƙaro ilimi, ko da izini ko ba izini, da wanda ya rasu ko ya yi ritaya amma sunansa na nan yana yawo. Takardar ƙorafi da ta haɗa dukansu a tukunya ɗaya tana ba mai laifin mafaka, saboda da zarar an nuna cewa biyu daga cikin waɗanda kuka zarga suna da hujja, sai a ajiye takardar gaba ɗaya a ce mutanen ƙauye ba su san abin da suke faɗa ba.

Ina so in tsaya kaɗan a kan na ukun nan, domin irinsa sun fi yawa, kuma su ne aka fi zagi. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya koma naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024, amma a jihohi da yawa malaman firamare su ne kan zo ƙarshe wajen aiwatarwa, saboda inda albashinsu ke fitowa. Ƙarin girma kan zo a takarda ya yi shekaru bai shiga albashi ba. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a yankinmu. Malamin da ke zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma yana zuwa ƙauye a kan babur, kuɗin hanyarsa ya ninka sau da yawa alhali albashinsa na tafiyar hawainiya. Irin wannan mutum yana da iyali, dole ya yi noma ko ɗinki ko ɗan tireda, kuma da sannu sana'ar gefen ke zama babba, koyarwar ta koma gefe. Wannan bai halatta masa cin albashin kwanakin da bai yi aiki ba, kuma na sha faɗa wa malamai haka a fuskarsu. Amma wanda ke son gyara dole ya san inda ruwan ya yi tsami.

Kai dattijo ne, za ka tuna lokacin da gidan malami ke jikin makaranta. Malami a garin yake kwana, da shi ake sallar asuba, shi ke karanta wa mutane wasiƙa, gidan mai gari kuma ana aika masa tuwo. Makarantun horon malamai na kwana da suka yaye mu da takardar daraja ta biyu sun koya mana yadda ake riƙe ƙaramin aji, tun daga yadda ake tsayuwa gaban allo har yadda ake kama hannun yaro a koya masa rubutu. Da aka ƙaddamar da shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yawaita fiye da malamai da gidajensu, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don a horar da waɗanda aka ɗauka cikin gaggawa. Daga baya aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, makarantun horon malamai na da suka shuɗe. Yau kwalejojin ilimi na Maru da Gusau da Argungu suna yaye ɗalibai kowace shekara, ba a rasa masu takarda ba. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai sa mai takardar ya zauna a ƙauye, wato wurin kwana, da alawus na zaman karkara mai tsoka, da tabbacin cewa bayan wasu shekaru za a sauya shi kamar kowa.

Sai kuma tsoro, wanda ba sai na yi maka dogon bayani ba. Tun daga sace 'yan matan Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara ranar 26 ga Fabrairu 2021, waɗanda aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, da na kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a jihar Kebbi a watan Yuni na 2021, da na makarantar garin Kaya a Maradun a farkon Satumba, wanda ya sa aka rufe makarantun jihar Zamfara, malami ya san cewa shi da ɗalibansa abin farauta ne. Baƙo mai albashi da ke bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum ya fi kowa saurin shiga idon masu kai wa ɓarayin daji labari. Idan cikin huɗun nan akwai wanda hanya ta hana, to ku da kuke zaune a wurin kun fi kowane ofis sanin ko tsoronsa na gaskiya ne ko fakewa yake yi.

Yaron aji biyar

Yanzu ga jikanka. Ba a aji biyar ya rasa karatu ba, tun a aji ɗaya da aji biyu ya rasa shi, daga nan kuma aka yi ta tura shi gaba kowace shekara domin babu mai tsayawa ya gwada shi. Akwai wata al'ada a makarantunmu da na yi ta yaƙi da ita har na bar aiki, wato a ba malamin da ya fi rauni aji ɗaya, a ba ƙwararre aji shida saboda jarrabawar fita. Idan malamai suka yi ƙaranci kuma, 'yan aji ɗaya da biyu ne ake tarawa ɗaki ɗaya a ba wani babban yaro bulala ya tsare su, su yi ta rera A B C D har a tashi. Rera haruffa a jere waƙa ce, yaro zai iya yin ta shekara uku bai san ko harafi ɗaya ba idan aka nuna masa shi kaɗai. Da ya kai aji uku sai a fara cika allo da rubutun Turanci a ce ya kwafa. Yana kwafa kamar yadda ake zana hoto, littafinsa ya cika, uba ya duba ya ga rubutu ya ji daɗi, alhali yaron bai san abin da hannunsa ya rubuta ba.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ba na mantawa da ita. Malaminta ya tashe ta don ya nuna mini ƙoƙarin ajinsa, ta karanta shafi guda na littafin Turanci da murya mai daɗi, yatsanta na bin layi. Da ta gama na yaba mata, sa'an nan na ɗauki alli na rubuta "kaza" a allo na ce ta karanta. Ta dubi allon, ta dubi malaminta, idonta ya cika da hawaye. Shafin nan haddace shi ta yi saboda yawan maimaitawa. A ajin nan kuma akwai wani yaro da aka zaunar can baya aka ce daƙiƙi ne, da na tambaye shi sai na ji ya kusa izu goma a makarantar allo, yana kuma rubuta allonsa da kansa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a Larabci ya riga ya gane sirrin karatu, abin da ya rage kawai a nuna masa cewa boko ma haka yake, b da a su ba da ba, k da a su ba da ka. Cikin 'yan makonni irin wannan yaro ke kama karatun Hausa.

Hausa tana da sauƙin koyon karatu saboda yawanci yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, kuma gaɓoɓinta gajeru ne. Yaron da ya iya karanta Hausa ya sami tsanin da zai hau zuwa Turanci, wanda kuwa aka fara masa da harshen da ba ya ji, yana kokawa da abu biyu lokaci guda. An yi wani shiri mai suna RANA a jihohin Zamfara da Katsina tare da UNICEF, wanda ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa, ya kuma samar da littattafai da jagoran malami. Ku tambayi hedimasta da ofishin sakataren ilimi ko akwai ragowar littattafan nan ko malamin da ya sami wannan horo, domin sau da yawa nakan tarar da irin waɗannan kaya a ɗaure cikin kwali a ofishin hedimasta, ana tsoron a raba su yara su yaga.

Ga abin da nake ba da shawara ku yi da malamai biyun da kuke da su, tun kafin a ji daga ofis. A ɗauki kwana biyu ko uku a gwada kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban aji ba. A nuna masa haruffa biyar a warwatse, idan ya gane su a ba shi gaɓoɓi, sa'an nan kalmomi kamar gida da rago da tulu, sa'an nan gajeriyar jimla. Minti biyu ya isa yaro ɗaya. Daga nan a manta da batun aji na awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi kowace safiya, a raba makarantar gaba ɗaya kashi uku: waɗanda ba su san harafi ba, waɗanda suka san harafi amma ba sa iya haɗawa, da waɗanda suka fara karanta kalma da jimla. Ɗan aji biyar zai iya faɗawa kashin farko, kuma dole a kiyaye kada a yi masa dariya ko a doke shi, domin yaron da ke jin tsoro ko kunya ba ya buɗe baki, wanda bai buɗe baki ba kuwa ba ya koyon karatu. Wanda ya fi iya koyarwa cikin malaman biyu shi zai riƙe kashin farko, ko da hedimastan ne. Kashi na uku za su iya zama da littafi ƙarƙashin kulawar wani ɗan gari da ya gama sakandare. Bayan wata ɗaya a sake gwaji, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Wannan hanya ta raba yara bisa abin da suka iya wata ƙungiya ce mai suna Pratham ta yaɗa ta a Indiya, an kuma yi aiki da ita a wasu jihohin Arewa, amma tsofaffin malamanmu na ƙauye sun daɗe suna yin kusan haka ba tare da sun sa mata suna ba. Ba ta bukatar gini ko kuɗi mai yawa, alli ne da allo da guntayen kwali da aka rubuta haruffa, ƙasa ma allo ce idan yaro na da tsinke.

A nan dole in faɗi abin da ya shafi mutanen gari, ka yi mini haƙuri, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ce yara sun fi ɗari biyu a rajista, amma nawa ne ke zuwa ranar kasuwa? Nawa ke zuwa daga saukar damina zuwa kammala girbi? A yankinku akwai yaran da haƙar zinariya ta ɗauke, 'yan mata kuma talla kan riƙe su har hantsi. Yaron da ke zuwa kwana biyu a mako, ko malamai goma aka ba shi ba zai iya karatu ba, kuma babu abin da ke kashe zuciyar malami kamar ya kashe kuɗinsa ya taso daga nesa ya tarar da yara goma sha biyar. Na san yunwa gaskiya ce, na san akwai gidan da tallar yarinya ce cefanensa. Amma kwamiti zai iya zama da iyaye mata a daidaita a riƙa yin tallar bayan an tashi, ya kuma zauna da alaramma a tsara lokaci yadda karatun allo na safe zai ƙare kafin a shiga aji. Duk inda na ga liman da alaramma sun sa baki, yara sun cika makaranta fiye da inda aka yi ta barazana da doka. Shawarar masu cewa a cire yara a mayar da su gona kuwa, ban goyi bayanta ba ko kaɗan, domin ranar da rajista ta ragu, wannan ita ce hujjar da za a kafa a ɗauke ko biyun da suka rage.

Batun takardar ƙorafi

Ku rubuta, haƙƙinku ne, don irin wannan aka kafa kwamitin. Amma kada ta zama matakin farko. Ku fara zama da hedimasta cikin sirri da mutunci, ku nuna masa cewa ba kansa kuke nema ba, domin shi ne ya san labarin kowane suna, kuma shi ne zai fara shan wuya idan abin ya juya. Sa'an nan kwamiti ya buɗe nasa littafi, a sami mutum biyu amintattu su riƙa leƙa makaranta kullum suna rubuta malaman da suka zo da adadin yaran da suka zo, har tsawon wata guda. A rubuta na yaran tare da na malaman don a yi adalci. Idan wata ya cika, ku ɗauki wannan littafi da sakamakon gwajin karatu, ku tafi wurin sakataren ilimi tare da mai gari ko wakilinsa, idan da hali kuma uban ƙasa ya san da tafiyar. Na zauna a irin wannan ofis, na ga yadda ake karɓar tawagar da ta zo da ranaku da lambobi, da yadda ake sallamar wadda ta zo da faɗa kawai.

Abin da za ku roƙa ya zama takamaimai. A cire sunan duk wanda ba ya nan a turo madadinsa, a musanya wadda ba za ta iya zama ba, a hukunta wanda ya ƙi aiki da gangan. Mafi muhimmanci kuma, idan akwai ɗan garinku ko na maƙwabta mai takardar NCE, ko yana koyarwa a wani wuri ko yana zaune babu aiki, ku kai sunansa ku nemi a dawo da shi gida ko a sa shi gaba idan za a ɗauki malamai. A duk abin da na gani a aikina, babu maganin rashin zuwan malami da ya kai wannan, saboda ɗan gari ba ya biyan kuɗin hanya, ya san lokacin da daji ya ɓaci, kuma yana jin kunyar iyayen da yake haɗuwa da su a masallaci. Idan mace ce ya fi kyau, domin malama ɗaya 'yar gari tana riƙe 'yan mata a makaranta fiye da kowane wa'azi. Ku kiyayi neman kora kawai ba tare da neman madadi ba, domin na ga inda aka share sunaye huɗu aka ce an biya wa gari bukata, makarantar ta koma mai malamai biyu a takarda ma, aka yi shekaru ba a turo kowa ba. Idan kun je sau biyu babu motsi, sai ku rubuta wa SUBEB a Gusau, ku haɗa da kwafin abin da kuka kai ƙaramar hukuma. Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi tun watan Nuwamba na 2023, don haka kuna da abin da za ku kafa hujja da shi cikin ladabi.

Shi kuma malamin da kuɗin hanya ya kayar, ku gwada ba shi ɗaki mai ƙofa da makewayi a gidan mutumin kirki, ya zo Litinin ya koma Juma'a, idan gari na da hali a ara masa ɗan fili ya yi shuka. Matashin nan da ke zuwa kullum ma kada ku bari sai ya gaji. Ku gaishe shi, ku yaba masa a gaban jama'a, ku rubuta wa ofis takardar yabo a kansa kamar yadda za ku rubuta ta ƙorafi a kan wasu. Idan za ku ɗauki ɗan sa-kai ku riƙa ba shi ɗan ihsani, to a tara daga masu hali da 'yan garin da ke birni, kada a ɗora haraji a kan kowane yaro, domin ɗiyan talaka ne za su fara zama gida, kuma doka ta ce karatun nan kyauta ne.

Inda shawarata ta tsaya

Duk abin da na faɗa ba zai ƙara wa malami albashi ba, ba zai biya shi ƙarin girman da yake bi ba, ba kuma zai gina azuzuwan da iska ta yaye wa rufi ba. Waɗannan suna wuyan gwamnati, kuma awa ɗaya ta karatu da safe ba za ta maye gurbin malamai huɗu ba, lissafi da kimiyya da sauran darussa za su ci gaba da shan wahala har sai an cike gurbin. Ban kuma ga makarantarku da idona ba, daga saƙonka kaɗai nake magana, saboda haka abin da hedimasta zai faɗa maka zai iya sauya wani sashe na wannan lissafi. Batun kwanan malami a gari musamman, hukuncinsa na hannunku da jami'an tsaro. Idan garin ya kai matsayin da mutanensa kansu ke kwana a daji ko su tafi wani gari da yamma, kada ku nemi baƙo ya kwana, kada kuma ku tara yara wuri ɗaya ranar da aka sami labarin motsi, a irin wannan hali gara a nemi a haɗa yaran da makarantar gari mafi kusa da ke da tsaro har Allah ya kawo sauƙi.

Jikanka kuwa, kada ka jira kowa. Ka sa a gwada shi a wannan mako, a gano ko haruffa ne bai sani ba ko haɗawa ce ta gagare shi, a sami wanda zai zauna da shi minti ashirin bayan la'asar kullum da kalmomin Hausa. Idan zangon karatu ya ƙare, ina roƙon ka sake rubuto mini abin da littafin kwamiti ya nuna, da yawan yaran da suka tashi daga kashin farko zuwa na biyu, da kuma amsar da sakataren ilimi ya ba ku, sai mu duba mataki na gaba tare. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya yi muku jagora. A gaishe mini da mai gari da hedimasta.